Kwalbar da Baba Ya Cika da Iska

Zuwa ga Mai Girma Hajiya Kunya,
Babbar Darakta a Hukumar Sunkuyar da Kai da Kawar da Ido,
Uwar ɗakin masu gyaran murya, garkuwar masu "ka dai gane",
Ta hannun duk wanda ya iya ɗaga kai ya miƙa miki.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda kika koya mana tun muna rarrafe, ido a ƙasa, murya can cikin maƙogwaro, ina fatan kina lafiya, ke da ma'aikatanki da ke kowane gida, kowane ofis da kowane layin asibiti. Na san ba ki saba karɓar wasiƙa ba. Yawancin masu ƙorafi a kanki da sun ɗauko biro sai ki dafa musu kafaɗa, su mayar da shi aljihu. Ni ma sau uku ina farawa ina yagawa. Wannan ce ta huɗu, kuma sai da na kulle ƙofa na rubuta ta, don kada ki leƙo.

Bari in gabatar da kaina. Ni malama ce a jami'a, ƙididdiga nake koyarwa. Nakan tsaya gaban ɗalibai ɗari uku in yi awa biyu ina magana ko gezau. Ni ce kuma 'ya ta biyu a wajen mutumin da unguwarmu ke kira Sufeto, wanda ya yi shekara talatin da ɗaya yana duba lafiyar motoci kafin a ba su takardar hawa titi. Shekararsa sittin da bakwai yanzu. Ya yi ritaya, amma har gobe kowace safiya sai ya buɗe gaban motarsa, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta sama yana duba ta kamar mai neman jinjirin wata. A kan wannan bawan Allah nake rubuto miki, domin saura ƙiris ki raba ni da shi.

Kada ki ɗauke ni butulu. Na san alherinki. Ke ce kika hana ni gaya wa shugaban sashenmu ainihin ra'ayina a kan littafinsa, shi ya sa har yau nake da aiki. Ke ce kike riƙe bakin ƙanwata a gidan biki. Ba don ke ba, da rabin auren unguwarmu ya mutu a makon farko. Saboda haka abin da zai biyo baya ba tawaye ba ne, koke ne daga tsohuwar ɗalibarki, kuma na jera shi da lamba don sauƙaƙa wa sakatarenki.

Na ɗaya: batun Mai Walda.

Kin san shi, domin kin yi shekara biyu a ɗakinsa. Aminin Baba ne tun suna samari, shagonsa na kallon ƙofar gidanmu. Shekara biyu yana ganin jini idan ya zagaya, shekara biyu kina raɗa masa cewa basir ne, kuma dattijo ba ya kai wa yaron likita irin wannan zance. Wandonsa ya yi masa yawa, ya ƙara huda bel da ƙusa. Ya sake yi masa yawa, ya sake hudawa. Ranar da ya kasa ɗaga ƙarfen da ya saba ɗagawa da hannu ɗaya, 'ya'yansa suka ɗauke shi cak zuwa asibiti. Likita ya ce kansar babban hanji ce, kuma ta riga ta yi ƙaura zuwa hanta. Wata huɗu ya ƙara.

A wajen zaman makoki na ga aikinki da idona, kuma dole in yaba. Mutum ya fi ɗari biyu, babu wanda ya ambaci sunan ciwon. "Gajeruwar rashin lafiya," in ji sanarwa. Ranki ya daɗe, ni malamar lissafi ce. A wace makaranta shekara biyu da wata huɗu ta zama gajeruwa? Kuma wa aka rufa wa asiri? Mamacin dai ya riga ya huta da ke. Dattawan da suka cika tabarmar nan, kowanne da hanji a cikinsa, su ne suka tashi suka karkaɗe riga ba tare da sun koyi komai ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To, yaya za a yi mutum ya shafa, alhali kin hana a ce wuta ce?

Na biyu: son kai a rabon aiki.

Ina neman bayani a kan wani mutum da ke ajiye mota a bakin kasuwarmu kowace Laraba, da lasifika biyu a kan rufin. Daga hantsi har la'asar yana zayyana abin da ke faruwa a ƙasan cikin ɗan Adam, da suna, da kama, da kala, da sauti, a gaban mata da surukai da 'yan makaranta. Kwalba ɗaya tasa tana maganin basir, da ciwon baya, da mantuwa, da rashin jituwa da maƙwabta. Shin wannan bawan Allah takardar izini kuka ba shi, ko kuwa ma'aikatanki ba sa aiki ranar Laraba? Na tambaya ne saboda a asibitin unguwarmu, inda ake da amsar gaskiya, nas takan sassauta murya idan ta zo kan wannan magana, har sai ka miƙa kunne kamar mai karɓar gulma. Mai ƙarya da lasifika, mai gaskiya da raɗa. Idan tsarin hukumarki ke nan, ina ba da shawarar a sake duba shi.

Na uku: yadda saƙo ya mutu a hanya.

Wata biyu bayan rasuwar Mai Walda, asibitin unguwa ya fara raba wa waɗanda suka haura hamsin kayan gwaji. Ba wani abin tsoro ba ne. 'Yar kwalba ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, da ɗan tsinke maƙale a murfinta, da takardar bayani mai zane, da ambulan. Mutum zai shiga banɗakin gidansa, shi kaɗai, ya dangwali abin da ya fitar da bakin tsinken, ya mayar cikin kwalba, ya rufe. A ɗakin gwaji za su duba ko akwai jinin da ido ba ya gani. Likitar da ta ba ni ta ce ciwon yakan yi shekaru yana girma shiru, mutum na cin abincinsa yana dariya, kuma in an kama shi da wuri, kusan tara cikin goma sukan tsira. In an makara, lissafin sai ya juye. Na fahimci wannan fiye da kowa a layin, aikina ke nan. Na karɓo wa Baba tasa, na sa a jaka, na nufi gida da ƙarfin gwiwar mai digiri uku.

Na same shi a tsakar gida yana goge fitilar mota. Na gaishe shi. Na buɗe baki. Sai kika iso. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, motar nan tana shan mai kuwa?" Muka yi minti arba'in a kan wannan.

Sai na kai wa Umma. Ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta cire tabarau, ta ce, "Shekara arba'in da uku ina zaune da mutumin nan, ban taɓa nuna na san yana shiga banɗaki ba. Yau kike so in fara?" Ta sa kwalbar a cikin durowar da ake ajiye takardun firiji da tsofaffin makullai, inda abubuwa ke zuwa su huta har abada.

Na je wajen maigidana. Ban kai ƙarshen jimla ba ya ɗaga hannu biyu. "Ni suruki ne. Ki aike ni in kamo zaki." Ya tuna yana da taro, ranar Asabar, a ofishin da ba a buɗewa ranar Asabar.

Sai Baffa, ƙanin Baba, mutumin da ya yi suna wajen sasanta rigima. Ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, 'yata, bar min." Ya zo da la'asar da babbar riga. Ina daga ɗakin Umma ina jin su. Suka yi maganar tsadar taya. Suka yi maganar ramukan titi. Suka yi maganar wani direba da ya mutu tun ina firamare. Shayi ya ƙare, aka sake dafawa. Da Baffa ya tashi tafiya, ƙafa ɗaya a waje, takalmi ɗaya a hannu, ya yi gyaran murya ya ce, "To Yaya, a dai riƙa kula da jiki." Baba ya ce, "Kai ma haka." Baffa ya kira ni a waya daga bakin titi: "Na gaya masa komai. Ya fahimta."

Mako bakwai ke nan, ranki ya daɗe. Manya huɗu, da digiri shida a tsakaninmu, mun kasa isar da jimla ɗaya daga ɗaki zuwa tsakar gida. Wace hukuma ce a duniya take da ma'aikata masu himma irin naki, kuma ba albashi?

Na huɗu, kuma a nan ne na fi jin ciwo, ko da yake a nan ne aka fi yi min dariya.

Da na ga baki ya gaza, sai na tuna Baba mutumin takarda ne. Duk abin da aka buga da inji, aka sa masa hatimi, umarni ne a wajensa. Na ciro kayan daga durowa, na ajiye su a kan kujerar direba ta motarsa, na gudu kamar wadda ta dasa bam. Kwana uku babu wanda ya ce uffan. A rana ta huɗu ya fito da kaya masu guga, takalmi na ƙyalli, ambulan a aljihun gaba, ya ce wa Umma, "Zan kai wa hukuma saƙonta." Ya dawo ya wuce ni a baranda, bai kalle ni ba, ya ce wa iska, "An gama." Na yi hamdala. Har na fara tunanin rubuto miki wasiƙar godiya.

Bayan kwana biyu aka kira ni daga ɗakin gwaji, da yake lambata ce a kan fom. Muryar wata mata ce, da alama tana danne dariya. Ta ce a shekara ashirin da ta yi tana wannan aiki ba ta taɓa ganin fom da aka cika da kyau haka ba. Suna da manyan baƙaƙe, kwanan wata an ja masa layi da rula, har da lokacin da aka fara da lokacin da aka gama. Matsala ɗaya ce kawai. Tsinken fes yake, kamar yanzu aka fito da shi daga masana'anta.

Da yamma na tura Umma ta bincika, ta hanyoyinta na shekara arba'in da uku. Ga abin da ta samo. Baba ya karanta takardar tsaf, ya ga zanen, ya gane. Amma ke kina tsaye a kansa kina cewa mutum mai daraja ba ya kai wa ma'aikatan gwamnati ƙazanta a ambulan. Sai ya nemi mafita a cikin iliminsa. A wajen aikinsu, in za a gwada lafiyar inji, ba a kwance shi. Ana kara na'ura ne a bakin salansa, ta shaƙi hayaƙi, ta faɗi abin da ke ciki. Saboda haka Baba ya shiga banɗaki, ya yi abin da ya kai shi, ya buɗe kwalbar, ya riƙe tsinken a sama daga nesa mai mutunci, ya duba agogo minti biyar cif, ya rufe da sauri don kada abin da aka kama ya tsere. Ya ce wa Umma, "Na'urorin yanzu ai sun fi namu ƙarfi."

Umma ta ba ni wannan labari fuskarta a cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni ma na yi dariya har na zauna a ƙasa. Sai na hango shagon Mai Walda ta taga, da kwado a ƙofa, dariyar ta yanke.

Na biyar: abin da ya faru a tagar karɓar kwalabe, wanda nake so a sa a fayil ɗinki.

Washegari na ce wa Baba asibiti na nemansa a kan takardarsa. Jin an ce takarda, ya tashi. Shi ya tuƙa. A taga muka tarar da matar da ta kira ni, dattijuwa mai farin gilashi, da layin mutane kusan goma a bayanmu, kowa ya ƙudundune ambulan ɗinsa a hannu kamar kayan sata. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta sake dubansa, sai ta ajiye biro.

"Ikon Allah. Sufeto?"

Baba ya gyara tsayuwa. Yana son a gane shi.

"Ba ka tuna ni ba. 'Yar ƙaramar mota ruwan toka, mai lotsattsen gefe. Sau uku kana mayar da ni."

"In na mayar da ke, da dalili," in ji Baba.

"Da dalili mana. Na ce maka lafiyarta ƙalau, tana tashi bugu ɗaya. Ka ce min, 'Hajiya, mota ba ta faɗin ciwonta, sai an shiga ƙarƙashinta.' Ka shiga rami da tocila, ka fito ka nuna min bututun birki saura kaɗan ya tsinke. Da yarana uku nake yawo a motar nan." Ta turo masa kwalbarsa ta ƙarƙashin gilashi. "To yau ga taka motar. Ka kawo min takardu, ka bar motar a gida."

Baba ya sassauta murya. "Na zaci za a yi wa dattijo rangwame."

"Kai ka taɓa yi wa wani?"

Shekara talatin da ɗaya ana kawo wa Baba 'yan uwa da abokai da manyan mutane, bai taɓa sa hannu a kan motar da bai leƙa ƙarƙashinta ba. Abin da yake taƙama da shi ke nan a duniya. Matar ta ɗauko sabuwar kwalba, ta dube ni ta ce, "Malama, ke ce 'yarsa. Faɗa masa abin da muke so, da Hausa."

Ranki ya daɗe, na ji hannunki a wuyana. Mutum goma sun yi tsit suna jira su ga yadda mai digiri za ta mutu a tsaye. Na kalli hular Baba, don ban iya kallon idonsa ba, na ce, "Baba, kashin suke so. Kaɗan. A jikin tsinken."

Ina sanar da ke a hukumance cewa rufin asibitin bai faɗo ba. Ƙasa ba ta tsage ba. Wani tsoho a bayanmu ya ce, "To, Allah ya yi miki albarka, ni ma dama ban tabbata ba." Baba ya karɓi kwalbar ya sa a aljihu, muka fita.

A mota ya daɗe bai tayar ba. Ya gyara madubin da ba ya bukatar gyara. Tun da na riga na ɓata da ke, sai na ƙarasa. Na ce, "Baba, ba na so in zauna a tabarma ina ce wa mutane gajeruwar rashin lafiya." Ya dubi titi. Can ya ce, "Da Mai Walda ya gaya min, da ni zan kai shi da kaina. Kullum muna tare, bai gaya min ba." Sai ya murza makulli. Ban taɓa jin Baba ya tayar da mota bai saurari ƙarar inji ba sai ranar.

Ga tambayata a nan. Kin ce min in na faɗa, Baba zai ji na raina shi. Kin ce wa Baba in ya yi, za mu raina shi. Kin ce wa Mai Walda amininsa zai raina shi. Duk ɓangarorin ke kike wa aiki, kuma duk ƙarya kika yi musu. A jami'armu, ma'aikacin da aka kama da irin wannan, kwamiti ake kafa masa.

Na shida: sakamako.

Kwalba ta biyu ta tafi da abin da ake nema. Bayan mako guda aka ce an ga jini. Likita ta zaunar da mu ta ce wannan ba ya nufin kansa ce, abubuwa da yawa kan jawo haka, amma dole a leƙa da kyamara a gani. Da ta bayyana ta inda kyamarar za ta bi, na ga kin sake shigowa ofishin kin ja kujera. Baba ya tambaya, "Tana da fitila a kai?" Aka ce tana da ita. Ya gyaɗa kai ya ce, "Daidai ne. Ba a shiga rami ba tocila."

Ba zan ɓata miki lokaci da ranar shiri ba, ranar da aka ba shi maganin wanke ciki ya sha. Ya isa in ce Baba ya kai rediyo ƙofar banɗaki ya ƙure murya, gidanmu ya saurari labaran duniya sau tara, Umma kuma ta tafi ziyarar wata ƙawarta da suka yi shekara shida ba sa magana. Ba zan kuma yi dogon bayani a kan rigar asibitin nan mai buɗaɗɗen baya ba, wadda na tabbata abokan gabarki ne suka ɗinka ta. Baba ya bi barandar asibiti da ita a karkace, bayansa manne da bango, kamar ƙadangare.

Da aka shiga da shi ɗakin kyamara, na zauna a benci ni da Umma. Na san alƙaluman duka, kuma a wannan awa ɗaya babu wanda ya yi min amfani a cikinsu. Umma tana jan carbi, ni ina ƙirga tayil ɗin ƙasa.

An sami tsiro uku a bangon hanjin, an cire su a take ta cikin na'urar, ba tare da an tsaga shi ba. Da sakamakon ɗakin gwaji ya fito, biyu ba komai. Na ukun, wanda bai fi ƙwayar wake ba, ya fara rikiɗa, amma bai yi saiwa ba, kuma an fitar da shi gaba ɗaya. Likita ta ce za a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Ta kuma ce da an bar shi shekara biyu ko uku, da wata hirar muke yi a wani ɗakin. Mutumin da ba ya jin ciwon komai, ranki ya daɗe. Mutumin da ke tashi bugu ɗaya.

Na bakwai, kuma na ƙarshe: kin bar bakin aiki ba sanarwa.

Tun daga ranar ba a sake ganinki a wajen Baba ba, ko da leƙe. Ya roƙi likita ta ba shi hotunan da kyamarar ta ɗauka, ya kai aka manne su cikin leda mai ƙyalli, guda shida, masu kala. Suna aljihunsa na gaba. Mai kawo takardar wuta ya gani. Mai aski ya gani, da reza a hannunsa. Iyayen maigidana sun zo duba shi da kwandon lemo, ya jera musu hotunan a kan tebur tsakanin kofunan shayi, yana nunawa da biro: "Nan ne kwanar farko. Kun ga yadda hanyar ta yi sumul? To ga inda matsalar take." Surukata ta ce, "Masha Allah," da muryar wadda ke neman ƙofa.

Ya buɗe littafi ya rubuta sunan duk wanda ya haura hamsin a layinmu, da gurbin sa hannu. Yakan zauna a ƙofar gida da safe yana tare mutane. Baffa ya zo wucewa da baƙi, Baba ya ɗaga murya daga nesa: "Kai, ka kai naka kuwa? Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa!" Baffa ya kai washegari, don a zauna lafiya. Umma ta kai nata a ɓoye, amma sai da ta kawo masa shaida kafin ya cire ta daga jerin masu laifi. Mutum goma sha huɗu zuwa yau. An kira biyu su koma a leƙa. Maigidana, da saura shekara huɗu ya cika hamsin, yanzu ta ƙofar baya yake shiga gidan, domin Baba ya riga ya rubuta sunansa da fensir.

Saboda haka, cikin ladabi, ga buƙatata. Ki dawo bakin aiki, amma da sabon jadawali. Muna neman ki a gidanmu lokacin cin abinci, rana da dare, da kuma duk sa'ar da surukai suka zo. Awa uku a yini sun wadatar. Sauran lokacin kina da 'yanci. Akwai mai lasifika a bakin kasuwa da ya daɗe yana bukatarki, akwai kuma wasu ofisoshi da ba a taɓa ganin ƙeyarki ba tun da aka gina su. Abin da muke roƙo kawai, ki janye ma'aikatanki daga ƙofar banɗaki, da layin asibiti, da tsakanin aminai biyu, da tsakanin 'ya da ubanta idan maganar rai ce.

In kuwa dokar hukumarki ba ta yarda da aikin rabin yini ba, in dole sai dai ki dawo gaba ɗaya ko ki tafi gaba ɗaya, to kada ki wahalar da kanki, ranki ya daɗe. Ki yi zamanki. Jiya da rana na ci abinci da hoton kwana ta uku ta hanjin mahaifina jingine da jug ɗin ruwa, shi kuma yana zaune a gefena, da cokali a hannu ɗaya da biro a ɗayan, yana bayani baki cike. Na cinye tas. Har na ƙara.

Ina durƙushe a inda kika bar ni, sai dai yanzu kaina a ɗage.

Taki mai biyayya a duk inda biyayyar ba za ta kai mu maƙabarta ba,

'Yar Sufeto ta biyu,
Malamar ƙididdiga, tsohuwar ɗalibarki.